Harbi Uku a Birnin Toka

Ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar cin kasuwar Gangaren Tama, wani baƙo ya fito daga tsohon ramin da kakanni suke haƙar tama. Dogo ne har ya zarce rumfunan kasuwa, ƙafafunsa irin na jimina, rigarsa tana hayaƙi amma ba ta ci wuta ba. Bai kula da masu gudu ba. Ya tsaya a tsakiyar fili, ya yi sallama, ya ce, "Ni jakadan Sarki Zartaƙi ne, mai Birnin Toka. An aiko ni in zo da mutumin garin nan da ba ya kuskure."

Duk wanda bai gudu ba ya waiwaya ya dubi Barmo. Ni dai ban ga laifinsu ba, da ina wurin ni ma shi zan duba. Barmo tsohon soja ne, ya dawo gida da wata libarba, ƙaramar bindigar nan ta hannu mai ramuka shida da ke juyawa. Tun da ya dawo ba a taɓa ganin ya auna abu ya kuskure ba. A wulla goro sama ya raba shi biyu, a kafa kwabo a jikin itace daga taku talatin ya huda shi. Sai dai mutum ne da ƙasa ba ta riƙe shi. In ya zauna ƙafa na rawa, in ana magana ya ƙarasa wa mai ita, tuwo ma a tsaye yake ci.

Barmo ya gyara hula, ya tako gaba, ƙirji a buɗe. Jakada ya tsallake shi kamar an ajiye turmi a hanya, ya nufi maƙera, ya sunkuya ya ɗauko Tsalha, yayan Barmo, daga bakin zugazugi. Ya haɗa da mazubinsa da ɗan sikelinsa da buhun kwanson harsashi, ya koma ramin da ya fito. Kafin Barmo ya zaro bindiga, babu abin da ya rage sai ƙaurin hayaƙi.

Tsalha maƙeri ne marar magana, ko almara ake yi da kai yake amsawa. Shi yake yi wa ƙanensa harsasai. Ya narka dalma, ya zuba a mazubi, ya auna kowane ɗaya, wanda ya fi ko ya gaza da ƙwayar gero ya mayar da shi tukunya. Albarushi kuwa da ɗan ƙahon gada yake aunawa, ya share bakin da farce, sannan ya ɗura a kwanson tagulla. Shekara ashirin yana wannan aiki, Barmo bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake yi ba.

Barmo ya faɗa gida yana huci. Ya tarar da Hajjo, matar Tsalha, labari ya riga shi zuwa wurinta, tana tsaye a tsakar gida da muciya a hannu.

"Kuskure aka yi," in ji Barmo. "Ni aka aiko a ɗauka, wawan jakadan nan bai san mutane ba."

Hajjo ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Hannu dai kana da shi, ban musa ba. Amma tun da ka dawo, ka taɓa harba harsashin wani in ba na Yayanka ba?"

"To, meye a ciki? Harsashi ai harsashi ne."

Hajjo ta ajiye muciya. Ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan ƙunshin tsumma, ta damƙa masa. Ta ce, "Shida ne, su kaɗai suka rage. Ka je ka dawo min da maigidana. In ba za ka dawo da shi ba, kai ma ka yi zamanka can."

Maganar ta yi masa zafi, don tun tana amarya wasa ne tsakaninsu, bai taɓa jin ta yi masa magana babu dariya a ciki ba. Ya cika ramuka shida na libarba, ya soke ta a ɗamara. Ko guzuri bai tsaya karɓa ba, ya nufi ramin tama ya dira.

Ya yi ta faɗuwa har ya gaji da faɗuwa, ya fara tsaki. Can ya dira a wata ƙasa mai jan yashi, rana tsaye cak a tsakiyar sama, ba ta gaba ba ta baya. Babu inuwa ko ta kansa. A gabansa ga ganuwa ta tafi gabas da yamma ba iyaka, da ƙofa guda ɗaya an garƙame ta da kwaɗo kamar kan sa. A bakin ƙofar wata tsohuwa ce zaune tana kaɗi, amma hayaƙi take kaɗawa, zaren yana fitowa baƙi siriri.

Barmo ya yi sallama, ya ce, "Kaka, a buɗe min, sauri nake."

Tsohuwa ta ce, "Maraba da ɗan Adam mai ƙafar ƙaiƙayi. Mabuɗin yana ƙarƙashin tabarmar nan da nake kai. Ka zauna in cika mazarina, sai in tashi in ba ka, in kuma gaya maka abu uku game da hanya."

Ya zauna. Ya tashi. Ya zagaya. Ya leƙa mazari, ya ga saura kaɗan ya cika. Wallahi da ya ƙara haƙurin da mutum zai yi ya sha kofin ruwa, da an gama. Ina, ya ja da baya, ya ɗaga libarba, ya sakar wa kwaɗon harsashi a ramin mabuɗi. Kwaɗo ya tarwatse, ƙofa ta wangale.

Tsohuwa ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Harbi ya yi kyau. Saura biyar, abu ukun kuma na riƙe abina."

Bai ma ji ƙarshen maganar ba, ya riga ya yi nisa. Ya ratsa wani daji da itatuwansa suke tsiro kai a ƙasa, saiwoyi a sama, suna ta miƙo rassa suna jan rigarsa. Ya ratsa gonar dawa da kowace zangarniya ke kiran sunansa da muryar Tsalha. Nan ne ya ɗan tsaya, amma ya tuna Yayansa bai taɓa kiran mutum sau biyu a jere ba, sai ya toshe kunne ya wuce da gudu.

Ya iso bakin wani kogi wanda ba ruwa ke gudu a cikinsa ba, toka ce mai zafi, tana tafasa tana tartsatsi. Gada tana can tsallake, an ɗage ta sama an ɗaure da igiya. Barmo ya auna igiyar, ga ta siririya, ga iska na kaɗa ta, ya ja kunama. Igiya ta tsinke, gada ta faɗo har gaban ƙafarsa. Yana tsakiyar tsallakawa sai wani kada ya taso daga cikin tokar, tsawonsa ya kai rumbu uku, idonsa ɗaya ne tak a tsakiyar goshi. Ya buɗe baki ya ce, "Ɗan Adam, kakanninka sun yi shekara ɗari suna zubo mana tokar maƙerarsu. Yau za a rama da namanka."

Barmo ya ce, "Ka yi haƙuri, wani jiƙon." Ya ba shi harsashi a tsakiyar idon nan, kada ya nutse yana gurnani. Waɗannan biyun ban ce ya yi ɓarna ba, dole ce ta sa. Saura uku ke nan.

A tsallaken kogi ya faɗa wata kasuwa. Aljanu ne maƙil, wasu masu kan akuya, wasu gajeru kamar tulu, wasu ba a ganin komai nasu sai takalma suna tafiya. Ana sayar da barci a ƙwarya, ana auna mantuwa da mudu. Barmo ya sunkuyar da kai zai wuce, sai ya ji kalangu ya tashi a bayansa. Maroƙa ne su bakwai, kowanne da hannu huɗu, biyu na kiɗa biyu na nuna shi.

"Ga Barmo na Gangaren Tama. Mai ido a bakin bindiga. Ka harbi sauro ka bar fukafukinsa. Wanda kada ya gani ya rufe ido."

Jama'a, kun san halin namu. A yi wa mutum kirari a bainar jama'a ya wuce bai yi komai ba, ai kunya ce. Barmo ya laluba aljihu, babu abin bayarwa. Shugaban maroƙan ya ce, "Ba ma son komai naka, ranka ya daɗe. Mu dai a nuna mana abin da muka daɗe muna ji."

Ya cire zobe daga yatsa ya wulla sama. Kafin Barmo ya yi tunani hannunsa ya riga shi, harsashi ya ratsa ta tsakiyar zoben. Kasuwa ta ɗauki sowa, kiɗa ya ƙara zafi. Aka wulla na biyu, ya ratsa. Aka wulla na uku, ƙarami kamar na jariri, shi ma ya ratsa. Aka wulla na huɗu, ya ja kunama, sai ya ji ƙas.

Nan take kiɗa ya tsaya. Maroƙa suka rataya kalangansu suka watse, kowa ya koma cinikinsa kamar ba a yi komai ba. Barmo ya tsaya shi kaɗai da bindiga wofi a hannu. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya tuna fuskar Hajjo lokacin da take ce masa su kaɗai suka rage.

Sai ga jakada mai ƙafar jimina a gefensa. Ya ce, "Sarki yana jiranka. Ya ce in bar ka sai ka gama wasa."

Birnin Toka duk toka ne, gidaje da titi da tufafin mutanensa. Fadar kaɗai ce ta baƙin ƙarfe. Sarki Zartaƙi yana zaune bisa uwar maƙera mai girman ɗaki, gemunsa harshen wuta ne shuɗi, in ya yi magana tartsatsi na zuba a cinyarsa. Can ƙarshen fadar kuma, taku talatin daga gaban Sarki, ga Tsalha an jingina shi da wani ginshiƙin itace. Ba a ɗaure shi ba, amma ba ya motsi. Sama da kansa an rataye wani ɗan tandu, irin na kwalli, bai fi ƙwan zabuwa ba.

Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Na zo in tafi da Yayana. An yi kuskure wurin ɗauka, ni ne wanda ba ya kuskure."

Fada ta yi wani irin dariya mai kama da zugar wuta. Sarki ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, mu ba ma ɗaukar abin da ba mu nema ba. Maƙerin nan ya dace da mu, kuma tun da ya zo yake mana aiki. Amma dokarmu tsohuwa ce, duk wanda ya tako da ƙafarsa neman jininsa, ana ba shi dama. Kurwar ɗan'uwanka tana cikin tandun can. Harbi uku gare ka. In ka fasa shi, kurwa ta koma jikin mai ita, ku tafi. Kowane kuskure, ƙarfe zai ci sashen jikinsa. A na uku ya zama gunki a fadarmu har abada. Shi kuma ba shi da ikon magana sai in an tambaye shi."

"Na yarda," in ji Barmo, tun Sarki bai rufe baki ba. Sannan ya yi ƙasa da murya. "Sai dai, ranka ya daɗe, ba ni da harsashi."

"Baƙonmu ba ya rasa komai," in ji Sarki.

Aka kawo wani faifai shaƙe da harsasai na zinariya, suna ƙyalli a bakin kwanson tagulla. Barmo ya yi godiya, ya ɗauki ɗaya, ya ji shi da nauyi a tafin hannu, ya ce a ransa ai na sarakuna dole ya fi na talaka. Ga Tsalha can yana kallonsa, leɓɓansa na motsi, yana so a tambaye shi. Barmo bai tambaya ba. Me zai tambaya? Tandu ne a taku talatin, shi da yake huda kwabo.

Ya ɗaga hannu, ya daidaita saiti a kan tandu, ya ja kunama. Bindiga ta yi wata irin harbawa a hannunsa da bai saba ji ba. Hayaƙi ya washe, tandu yana nan yana lilo. Sama da shi, tsawon tafin hannu guda, ga rami a jikin ginshiƙi, zagayayye tsaf kamar an huda da mahuji.

Aka ji ƙara kamar ana ja da sarƙa. Ƙafafun Tsalha suka zama baƙin ƙarfe tun daga yatsu har gwiwa.

Gumi ya keto wa Barmo. Ya dubi bindiga, ya dubi hannunsa, ya shiga kai da komo a gaban Sarki yana surutu shi kaɗai. Ya ce iska ce, alhali babu iska. Ya ce an yi wa idonsa asiri. Sai wani bafade mai kan mujiya ya matso da wani faifan, ya ce, "Zinariya ta yi maka nauyi, jarumi. Ga na azurfa daga taskar Galadima, aikin maƙeranmu na da. Ba a taɓa miƙa wa ɗan Adam irinsa ba."

Barmo ya cafe, har da godiya. Da ya zura shi a ramin libarba ya ji yana ɗan girgiɗi, bai zauna daram kamar na gida ba. Zuciyarsa ta ce masa ya tsaya, amma Barmo da tsayawa ba su taɓa shiri ba. Ya auna, ya harba. Wannan karon ƙarar ta fi kaifi. Harsashi ya yi ƙasa, ya karkata hagu, ya fige saman hular Tsalha, ya shige ginshiƙi a kaikaice, ya bar rami mai tsawo kamar tsagar wuƙa.

Ƙarfe ya taso daga gwiwa, ya ci cinya, ya ci ciki, ya tsaya a ƙirji. Barmo ya ga Yayansa yana jan numfashi da ƙyar. Ƙiris ya rage ya kashe shi da hannunsa, kuma ya san haka.

Sarki Zartaƙi ya tafa hannu. Wasu bayi biyu suka shigo da akwati, aka buɗe, ga harsashi guda ɗaya a kan auduga, baƙi ƙirin, yana walƙiya a cikinsa. Sarki ya ce, "Wannan daga gatarin aradu aka sassaƙa shi. Kakana ya bar wa ubana, ubana ya bar mini. Babu kamarsa a sama ko a ƙasa. Na ba ka kyauta daga hannuna zuwa naka, don kada a ce mun yi maka rowa a harbin ƙarshe."

Fada ta ɗauki godiya a madadinsa. Barmo ya miƙa hannu, ya kusa taɓawa, sai ya janye. Abin da ba a taɓa gani ba ya faru, Barmo ya zauna a ƙasa dirshan. Ya zura wa ginshiƙi ido, ya dubi ramin sama, ya dubi na ƙasa, ya daɗe yana kallo har fadawa suka fara gunaguni.

Can ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, kana ji na?"

"Na'am," in ji Tsalha. Muryar ta fito a shaƙe.

"Me ya sa na zinariya ya yi sama?"

"Nauyi gare shi. Mai nauyi yana jinkirin fita. Kafin ya bar bindiga, bakinta ya riga ya ɗaga, sai ya sauka sama da inda ka auna."

"Na azurfa fa?"

"Ya fi sauri, shi ya sa ya yi ƙasa. Kuma azurfa tana tsukewa in ta huce, ba ta cika bututun bindiga, ga tauri. Layukan da ke cikin bututu ba su kama shi sun murza ba, sai ya tafi yana tuntsure. Ka harba goma, goma za su bi hanya goma."

"Wannan na aradun?"

"Ban san shi ba. Babu wanda ya san shi, tunda ba a taɓa harba ɗan'uwansa ba."

Barmo ya ce, "Yaya, na zinariyar nan, wa ya zuba su?"

"Ni."

"Dukkansu? Ma'auni ɗaya?"

"Dukkansu. Na auna kowanne, albarushin ma haka."

Barmo ya miƙe, ya juya wurin Sarki, ya durƙusa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na gode da karamci. Amma a mayar da wannan taska. Ina roƙon a ba ni ɗan'uwan wanda na fara harbawa."

Fada ta hautsine. Wasu suka zare takubba, bafade mai kan mujiya ya faɗi yana salati irin nasu. Gemun Sarki ya tashi daga shuɗi ya koma fari fat. Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ko a ƙasarku ana miƙa wa talaka kyauta daga hannun sarki ya ce a mayar? Ka zaɓi harsashin da ya kunyata ka, ka bar gadon kakana. An ba ka abin da ka roƙa. Amma wanda ya ƙi kyautarmu ba ya fita da jikinsa cikakke. Ko ka samu ko ka kuskure, yatsan da zai ja kunamar nan namu ne."

Barmo ya dubi manunin hannunsa na dama. Da shi ya ci, da shi ya sha, da shi aka san sunansa a gari bakwai. Ya ji baƙin ciki, ba na ɓoye muku. Ya ce, "Na ji, na yarda."

Ya ɗauki harsashin zinariya ya zura, ya ji ya zauna daram. Ya koma daidai sawun da ya tsaya a harbin farko, ya sa ƙafa a cikin sawun. Ya ɗaga bindiga ya ɗora saiti a kan tandu, sannan ya fara saukewa a hankali, yana auna tsawon tafin hannu guda da ido. Da ya kai inda lissafi ya tsaya, sai ya ga abin da ke bakin saitinsa. Goshin Tsalha ne, daidai tabon sallah.

Ya sauke bindiga. In harsashin nan ya fi na farko sauƙi ko da kaɗan, in albarushinsa ya ɗara da ɗan tsinke, to, ba ginshiƙi zai samu ba. Duk gwanintar Barmo ba ta da abin cewa a nan, magana ta koma kan aikin da wani ya yi a zaune, shi kaɗai, ba mai kallo.

"Yaya," ya ce, "goshinka ne."

Wannan ba tambaya ba ce, don haka Tsalha bai iya amsawa ba. Ya dube shi kawai.

Barmo ya share gumi da hannun riga, ya gyara. "Yaya, in harba?"

"Harba. Ka riƙe ta yadda ka riƙe ɗazu, kada ka ƙara matsewa don tsoro."

Ya yi bisimilla. Ya ɗaga hannu, ya ɗora saiti a tsakiyar goshin ɗan'uwansa, ya saki rabin numfashi, ya ja kunama a hankali kamar yadda bai taɓa yin komai a hankali ba.

Tandu ya tarwatse. Wani ɗan farin abu kamar tururi ya sauko ya shiga hancin Tsalha, ƙarfen jikinsa ya ɓarɓashe ya zube ƙasa kamar tsatsa, ya yi taga-taga ya dafa ginshiƙi. A daidai lokacin libarba ta suɓuce daga hannun Barmo ta faɗi. Manuninsa ya zama baƙin ƙarfe, a lanƙwashe yadda ya ja kunama, ba ya miƙewa ba ya jin taɓi.

Sarki Zartaƙi ya ce, "Alkawari ya cika ta kowane gefe. A buɗe musu hanya." Jakada ya tattaro mazubi da sikeli ya miƙa wa Tsalha, ya nuna musu wani matakali da ya miƙe sama, can ƙarshensa ana hango hasken ranar gida kamar ƙwayar wake.

Suka kama hawa, Tsalha a gaba, Barmo a baya. Tsalha ya waiwayo sau ɗaya ya dubi yatsan nan, idonsa ya ciko, ya juya da sauri. Sun yi hawa mai nisa kafin Barmo ya yi gyaran murya.

"Yaya, da na ɗora maka bindiga a goshi, ka ji tsoro?"

"Na ji mana. Amma ba na harsashin ba."

Suka ƙara 'yan matakai. Barmo ya ce, "Wai ita dalmar nan, yaya ake gane ta narke daidai zuba?"

Tsalha ya tsaya cak, har Barmo ya yi karo da bayansa. Ya juyo a hankali ya dubi ƙanensa. Ya ce, "Shekara ashirin ina jiran ka yi min wannan tambaya." Sannan ya ajiye kayansa, ya zauna a kan matakali, ya buga wurin da ke kusa da shi da tafin hannu.

Gida yana can sama, Hajjo tana jira, hanya da saura. Barmo ya dubi hasken, ƙafarsa ta motsa. Sai ya tattara rigarsa ya zauna kusa da Yayansa.